Sai Talata

Bana azumi ya sake faɗowa cikin manyan ruwan Libreville, ya kuma haɗu da Istar Kiristoci, kamar yadda ya yi shekara talatin da uku da suka wuce. Ni ban ma lura ba sai ranar Lahadin da ƙararrawar coci ta ƙi yin shiru. Ina zaune a barandar gidan 'yata Zainabu a Angondjé ina tsince wake, na ɗaga kai na ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen teku. Iska ta tsaya cak, zufa na bin gadon bayana. Sai na ji bakina ya yi ɗaci, ba kuma ɗacin azumi ba. A irin wannan ranar aka binne Inna.

A wancan lokacin muna unguwar London, cikin wani gidan katako mai ɗaki shida a jere, rufin kwano, famfo ɗaya a tsakar gida. Mai gidan wani tsoho ne ɗan ƙasa, wato ɗan Gabon. Mijina Malam Ilu direban motar katako ne, in ya shiga daji sai ya yi sati uku ba labari, don waya a lokacin sai gidan masu hali. Inna, mahaifiyata, ta zo mini wankan jegon Zainabu da niyyar ta yi wata biyu ta koma. Sai ga shi ta shiga na bakwai, yau a ce jirgi, gobe a ce takarda.

Wanda bai yi azumi a garin nan ba bai san ƙishirwa iri biyu ce ba. Ta gida, rana ce ke busar da mutum. Ta nan kuwa, a jiƙe kake sharkaf tun hantsi, zane ya manne a cinya, amma maƙogwaro kamar an zuba masa toka. Ruwa ya yi ta zuba a kan kwano kana jin sa, kana ganin sa yana gudu a kwata, kai kuma ba damar kurɓa. In ya ɗauke sai rana ta fito ta dafa ƙasar, tururi ya taso har cikin ɗaki. Gishiri ya narke a kwalba, ashana ta ƙi kamawa, gawayi sai an yi ta fifita har hannu ya gaji. Kayan sawa kuwa in ka ajiye su kwana uku sun yi fumfuna.

Shekarar kuma ta yajin aiki ce. Kaya suka maƙale a tashar jirgin ruwa ta Owendo, gero ya ɓace a kasuwa, tsamiya ta zama abin da ake ɓoyewa a ƙasan akwati. Kunun shinkafa muke damawa, mu matse lemun tsami a ciki, mu ce masa kunu don dai kada ya ji kunya. Sahur kuma burodi da shayi, in an yi sa'a da ragowar miya. Ranar da babu burodin sai rogon 'yan ƙasa, wanda ake naɗewa a ganye kamar sanda. Inna ta kan riƙe shi da yatsa biyu, ta sansana, ta ce, "Wannan ko akuyata sai ta yi shawara." Sannan ta cinye tas, ta nemi ƙari.

Aikin gidan a tare muke yin sa. Da an idar da sallar asuba kowa ta jera bokitinta a bakin famfo, don ƙarfe bakwai yake ɗaukewa. Da hantsi a jiƙa wake. Bayan azahar, lokacin da jiri ke ɗibar mutum, a surfa a wanke. Injin niƙa ba wuta, sai turmi, kuma turmi ɗaya ne a gidan, na Saratu. Da la'asar a hura murhu biyu a ƙarƙashin 'yar rumfa, wata na suya wata na riƙe da buhu tana tare feshin ruwa kada ya faɗa cikin mai. Kafin a kira magariba kwanuka sun fara yawo daga ƙofa zuwa ƙofa, ƙosai uku su tafi, ayaba soyayya biyu ta dawo.

Saratun nan matar Yohanna kafinta ce, ɗakinsu na jikin namu. Kiristoci ne, amma Hausawa gaba da baya. Ƙauyensu na bayan garinmu, tafiyar da ba ta kai a sha ruwa a hanya ba, kakannin Yohanna Maguzawa ne. Su ma a lokacin suna cikin nasu azumin na kwana arba'in, ba nama, ba cin rana. Inna ta kan tsokane shi ta ce, "Yohanna, wannan naku azumi ne ko rangwame? Ana shan ruwa a ce ana azumi?" Shi kuma ya ce, "Inna, naku talatin, namu arba'in. Ki lissafa ki ga wa ya ci riba." Sana'arsa akwatin gawa yake yi wa 'yan ƙasa, saboda haka ya san ofisoshi, Faransancinsa kuma ya fi na kowa a gidan.

Ta dalilin sana'ar nan tasa ne ma maganar ta taso. Wani dattijo maƙwabcinmu ɗan ƙasa ya rasu kafin azumi, aka kai shi mutuware, ɗakin ajiye gawa, aka ajiye sati uku ana jiran dangi. Ranar da aka dawo da shi gida, an sa masa kwat, an shafa masa hoda, ana kiɗa. Inna ta leƙa ta katanga, ta dawo da sauri.

"Hajara, zo nan," ta ce. "Kin ga abin da na gani? Mutum sati uku bai ga makwancinsa ba."

Na ce, "Inna, al'adarsu ce. Su a wurinsu girmamawa ce."

"Ban hana su ba. Amma ni in ta Allah ta kasance a ƙasar nan, kada ki bari a sa ni a firiji kamar kifi. Kada rana ta faɗi ina waje. Kin ji ko?"

Na yi dariya na ce wa zai mutu ya bar mana rogon nan. Ta kama hannuna ta matse har ya yi zafi, ta ce ba wasa take ba. Na ce na ji, na yi alkawari. Alkawarin da ya fi kowane sauƙi a bakina ke nan, don a garinmu ko ba a roƙe ka ba haka za a yi.

Zazzaɓi ya kama ta ana sha biyar ga wata. Na yi na yi ta ajiye azumin, ta ce ba ta taɓa sha ba tun tana budurwa, ba kuma a ƙasar rogo za ta fara ba. Ranar Asabar da hantsi, ina shanya tsummokaran Zainabu, Saratu ta fito daga ɗakinmu ta tsaya a bakin ƙofa tana share hawaye. Na saki abin da ke hannuna a cikin taɓo.

Kafin azahar an gama komai. Likita ya zo ya rubuta takardarsa, mata sun yi mata wanka, an ɗinka likkafani, samari sun tafi haƙa. Wanda ya tsaya a kan al'amarin shi ne Alhaji Bala, shugaban Hausawan unguwarmu, ɗan garinmu, mai sayar da yadi. Mutum ne mai baki, in yana magana sai ka ji kamar ka ba shi duk abin da ke aljihunka. Ana shirin ɗaukar makara sai ga masu haƙa sun dawo da kayan aikinsu a kafaɗa. Mai gadin maƙabarta ya ce ba a sara ƙasa sai da takardar izini daga meri, wato ofishin magajin gari.

Muka tari taksi mu uku: Alhaji Bala, Yohanna don ya yi tafinta, da ni don ni ce mai sa hannu. Na goya Zainabu. Muka tarar da ofishin a garƙame, sai wani ma'aikaci guda a wata 'yar taga, ya ɗora ƙafa kan kujera yana sauraren rediyo. Ya karanta takardar likita, ya miƙo mana ita.

"Sai Talata," ya ce. "Yau Asabar, gobe Ista, jibi hutun Ista. Mai hatimi ba ya nan."

Yohanna ya yi masa bayani a hankali, cewa mu ba ma kwana da gawa. Mutumin ya ɗaga kafaɗa. Nan Alhaji Bala ya gyara babbar riga ya matsa jikin tagar. Rabi da Faransancinsa na kasuwa, rabi da Hausa Yohanna na juyawa, ya yi maganar da har yau zan iya maimaita ta ba tuntuɓe.

"Ku da bakinku kuka ce gwamnatin ƙasar nan ba ta da addini. To wa ya rufe ofishin nan, gwamnati ko coci? Don kun fi mu yawa sai a auna mutuwa da mudunku? Ko mu uku ne kacal a ƙasar nan, gawarmu gawa ce. Hukumar da ke ƙirga kawuna kafin ta yi adalci ba hukuma ba ce, ƙungiya ce!"

Wallahi a wurin na fashe da kuka, ba don Inna kaɗai ba, har don daɗin an faɗi abin da ke raina. Na ce a zuciyata, in dai akwai irin su Alhaji a duniya, mara gata ba zai wulaƙanta ba.

Ma'aikacin ya rage muryar rediyonsa. Bai yi fushi ba, da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Malam, dokar nan ba ta ambaci Kirista ba, ba ta ambaci Musulmi ba. Kowa sai da takarda, kowa kuma sai Talata. Ranar sallarku ma ai muna rufewa. Mene ne abin gaggawa? Akwai firiji." Ya mai da rediyonsa yadda yake.

Gaskiyarsa, dokar ba ta ambaci kowa ba. Riga ce aka ɗinka da awon mutum ɗaya aka ce kowa ya sa. Wanda ya rubuta ta bai tsane mu ba, bai ma tuna akwai mu ba. A gidansu ana ajiye gawa sati uku, to me kwana uku zai yi masa? Wannan ne ya fi ci mini rai, don wanda ya tsane ka aƙalla ya san kana nan.

Muka dawo gida ana la'asar. Ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe, kwanon ɗakin ya ɗauki zafi kamar tanda. Aka aika neman ƙanƙara, babu, unguwar kwana biyu ba wuta. Mata suka zagaye Inna da mafitai, ana turare, ƙudaje na taruwa a jikin labule. Ba jimawa mai gidan ya shigo da mai unguwarsu na 'yan ƙasa. Suka ce doka ta hana gawa ta kwana a gidan haya a wannan zafin, ko mu kira motar mutuware ko su kira 'yan sanda. Na dubi Alhaji Bala, ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Hajara, baƙo ba ya ja da gari. Ki yi haƙuri, lalura ce."

Ni na sa hannu. Da wannan hannun da ta matse. Aka fita da ita rana na gab da faɗuwa, aka tura cikin mota, aka rufe ƙofa da ƙarfi kamar an loda buhu. Da aka kira salla Saratu ta miƙo mini kofin ruwa, na kurɓa na ajiye. Yohanna kuwa ya bi motar. Daga baya na ji a bakin ƙofar mutuwaren ya kwana a zaune, don kada wani ya yi mata allurar nan da suke yi wa gawa ta daɗe, wadda su a wurinsu ba sai an tambayi kowa ba.

Da safe ya dawo idanunsa jajur. Ya yi wanka, ya sa farin kaftaninsa na Ista wanda Saratu ta goge tun Laraba. Ya tsaya a ƙofarmu ya ce, "Maman Zainabu, ɗauko takardar likita ki biyo ni. Na san mai hatimin. Shi ke ba da waƙa a babban coci."

Muka je ana yayyafi. Ni da Saratu muka raɓe a gindin wani mangwaro a tsallaken titi. Cocin ya cika har waje, mata da sababbin atamfofi, ana ta waƙa. Na zaci Yohanna zai shiga. Mutumin da ya yi kwana arba'in yana jiran wannan safiyar. Bai shiga ba. Ya je ya tsaya a ƙaramar ƙofar gefe, inda mawaƙa ke fitowa, don kada mutumin ya sulale masa cikin taro. Yayyafi ya koma ruwa sosai. Ya fi awa biyu a wurin, kaftanin ya manne masa a jiki, rigar ciki ta fito fili. Saratu na kallonsa tana motsa baki, tana bin waƙar daga inda muke.

Da aka tashi sai ga mutumin, gajere mai tumbi, da matarsa da 'ya'ya, ana riƙe masa lema. Yohanna ya sha gabansa ya durƙusa a cikin taɓo. Muka tsallako da gudu. Abin da suka ce da Faransanci ne, Saratu ce ta riƙa raɗa mini.

"Uwata ce ta rasu jiya, tana firiji. Hannunka kawai muke jira."

Mutumin ya duba takardar ya ga suna. Ya ce, "Uwarka Musulma?"

"Uwata ce. Garinmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya."

"Ɗan'uwa, yau Ista. Ka zo Talata."

Yohanna bai tashi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ka gama yi wa waƙa yanzu, da ya mutu ranar Juma'a, an bar shi ya kwana a waje? Ba kafin rana ta faɗi aka roƙi hukuma aka sa shi a kabari ba? Abin da tsohuwar nan ta roƙa ke nan, ba ta ƙara komai a kai ba."

Matar mutumin ta ce masa wani abu a kunne. Ya yi tsaki, ya tura iyalinsa gida, ya ce mu shiga motarsa. Ya buɗe ofishin da mabuɗin da ke aljihunsa tun jiya, ya jawo aljihun tebur, ya hura wa hatimin iska, ya buga. Ban ƙirga ba, amma bai kai minti uku ba. Abin da aka sa uwata ta kwana cikin ƙanƙara saboda shi ke nan.

Na yi masa godiya har ƙasa, don dole. Amma a raina ƙyama ce fal. Ba doka ce ta buɗe ƙofar nan ba, ba kuma jawabin Alhaji ba. Ɗan cocinsu ne ya roƙe shi da yaren cocinsu. Da ba mu da Yohanna a jikin ɗaki, da sai Talatar.

Da aka dawo da ita don a sake mata likkafani, na taɓa tafin ƙafarta. Ba zan kwatanta ba. Zainabu dai ta sani, har gobe ba na taɓa kifin firiji da hannuna, sai dai wani ya wanke ya sa a tukunya. Da la'asar aka kai ta. Maza suka ce kabarin sai da aka yi ta kwarfe ruwa da bokiti, itacen rufi kuma babu, Yohanna ne ya yanko katakon da ya saya don aikin wani. Da aka tsaya salla ya koma gefe ya cire hula. Malam Ilu bai fito daga daji ba sai ana jibi Salla, ya tarar an share makoki.

A daren da aka binne ta, wajen shan ruwa, Alhaji Bala ya kama hannun Yohanna a gaban jama'a ya ce, "Kai namu ne. In Allah ya mai da mu gida, duk abin da ya same ka ya same ni." Shekara da shekaru yana ba da labarin nan a wurin ɗaurin aure da suna. Sai dai na lura, duk shekara jawabinsa na bakin taga na ƙara tsawo, tsayuwar Yohanna a ruwa na ƙara gajarta.

Yanzu duk wannan ya wuce, in ji masu cewa ya wuce. Gero har kanti ake sayar da shi a leda, Zainabu na da injin markaɗe da na sanyaya ɗaki, ƙosai minti goma ya sauka. Ba mai aiko da kwano, ba kuma wanda za a aika wa, kowa ya ja ƙofarsa ta ƙarfe. Malam Ilu ya riga mu gidan gaskiya. Alhaji Bala ya daɗe da komawa gida, ya zama babba, shi ke shugabantar kwamitin dattawan da ƙaramar hukumarmu ba ta yanke komai a kan fili ko addini sai da su. Yohanna da Saratu su ma sun tattara sun koma shekara takwas ke nan, ya ce ya gaji da yi wa baƙi akwati, yana so ya mutu inda aka binne cibiyarsa.

Kashegarin ranar da na ji ƙararrawar nan, Saratu ta bugo mini waya. Yohanna ya cika da asuba.

Na yi kukana, na yi mata ta'aziyya, na tambayi yaushe jana'iza. Sai ta ce ba a sa rana ba. Ashe gari ya cinye ƙauyensu tuni. 'Yar maƙabartar Kiristocin da ke bayan rafi an yanka ta fuloti-fuloti, an ce ta shiga tsakiyar unguwa. An kuma kafa doka cewa ba a buɗe sabon wurin binne mutane sai da amincewar kwamiti. Takardarsu ta neman wani wurin shekara biyu ke nan tana kan tebur. Wanda ya mutu a cikinsu sai a ɗauke shi zuwa wata jiha. Yohanna kuwa ya bar wasiyya, ya ce kada a kai shi ƙasar da ba ta san ƙafarsa ba. Yana mutuwaren asibiti, inda wutar ma ba kullum ba.

Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Gonar da na gada a wurin Inna tana nan a bakin hanyar ƙauyensu, ba kowa a kusa da ita. Na ba shi kusurwa guda, na ba shi duka in ana so. Zainabu ta rubuta takarda muka aika ta waya. Saura sa hannun kwamiti da hatimin sakatare. Na ce ai wannan kamar an yi an gama, tunda Alhaji Bala ne a wurin.

Sai da na yi kwana huɗu ina bugawa kafin ya ɗauka. Muka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi ruwan Libreville, ya yi dariya.

Na ce, "Alhaji, Yohanna ne."

"Na ji, na ji. Allah ya ba su haƙuri. Mutumin kirki ne."

"Na ba da gonar Inna. Hannunka ake jira."

Ya yi gyaran murya. "Hajiya Hajara, kin daɗe a waje. Gonar Musulma, a ce an kafa gicciye a ciki? Jama'a ba za su ɗauka ba. Kuma dokar nan ba don su aka yi ta ba, ba ta ambaci kowa ba. Ko Musulmi ne ya zo sai ya bi layi."

"Musulmi na da maƙabarta huɗu a garin, Alhaji. Wane layi zai bi?"

"To ai garin Musulmi ne. Mu ne masu yawa, dole a duba abin da masu yawa ke so."

Na ce, "Hukumar da ke ƙirga kawuna kafin ta yi adalci ba hukuma ba ce, ƙungiya ce. Wa ya faɗi haka? Ko mu uku ne kacal, gawarmu gawa ce. A bakin wa na ji?"

Ya ce, "Can daban, nan daban. Can mu baƙi ne."

"Shi Yohanna a nan baƙo ne? Kakansa ya riga kakanka shan ruwan rafin nan."

"Kina azumi, Hajiya, kada ki ɓata ladanki. Ba a ce an hana ba. Kwamiti zai zauna bayan Salla. Mene ne abin gaggawa? Ai yana asibiti, ana kula da shi."

Na kashe wayar. Da na bari ya ƙara kalma ɗaya, da azumina na ranar ya tafi a banza. Ashe abin da ya ƙona masa rai a bakin tagar nan ba zaluncin ba ne, tsayuwa a waje ce. Da ya samu shiga ciki sai ya ɗora ƙafa kan kujera.

Ban haƙura ba. Na tuna mai hatimi mutum ne, yana da aljihu, mabuɗi na ciki. Sakataren ƙaramar hukumar a sahun gaba yake sallar Idi, kowa ya san ƙofar da yake fita. Mutum ɗaya nake nema, Musulmi, wanda zai sha gabansa ya roƙe shi da yaren masallaci, ya tuna masa abin da aka koya mana tun muna yara game da gaggauta gawa da haƙƙin maƙwabci. Ba a ruwa zai tsaya ba, ba kuma sallarsa zai rasa ba. Na buga wa mutum shida, duk waɗanda suka ci ƙosan turmin Saratu a unguwar London kafin su koma gida. Wannan ya ce ƙafa, wancan ya ce zai duba. Bayan su sai na kira ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda uwarsa ce aka fitar daga firijin nan. Ya ce, "Yaya, ke kina Gabon. Ni ina da 'ya'ya a garin nan, kada a sa mini suna."

Yau jajibere. Zainabu ta cika gida da ƙamshin soye-soye, jikoki na gwada takalma. Ɗazu da hantsi Saratu ta sake bugowa, muryarta ta dushe. Ta ce ta je sakatariyar da kanta da takardar gonar, ta tarar an garƙame, sai mai gadi. Gobe Juma'a Salla, Litinin ma hutu ne.

Na ce, "To me ya ce miki?"

Ta ce, "Ya ce sai Talata."

Inna dare ɗaya ta yi, kuma shekara talatin da uku ban yafe wa kaina ba. Yohanna yau kwanansa goma.